Rufe Makarantu Lokacin Korona da Asarar da Ta Faɗa wa 'Ya'yan Talakawa

A ranar 19 ga Maris, 2020, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a faɗin Najeriya domin daƙile yaɗuwar cutar korona. A watan Afrilun wannan shekara, hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190 na zaune a gida. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare a Najeriya sun koma a farkon Agusta domin jarrabawar WAEC, wadda aka fara ranar 17 ga watan, yayin da akasarin sauran yara suka jira har Oktoba. Umarni ɗaya aka bai wa kowa, amma nauyinsa ya fi danne gidajen da dama can ba su da ƙarfi.

Bambancin ya fara fitowa ne daga karatun gida. Manyan makarantun kuɗi na birane sun koma koyarwa ta Zoom da WhatsApp, iyaye masu hali kuma suka ɗauki malamin da zai riƙa zuwa har gida. Jihohi irin su Kano da Kaduna sun shirya darussa ta rediyo da talabijin, kuma dabara ce mai kyau a yankin da rediyo ya shiga kowane lungu. Sai dai a gidan manomi rediyon na maigida ne, yana rataye a kafaɗarsa idan ya tafi gona ko kasuwa, batir kuma sai an saya. Ko da yaro ya samu ya zauna lokacin darasin, malamin da ke cikin akwati ba ya ganin littafinsa, ba ya jin inda ya yi tuntuɓe, uwar da ba ta yi boko ba kuwa ba ta da yadda za ta gyara masa. A Agustan 2020, UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, wato kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban duniya, ba su samu damar karatun nesa ba kwata-kwata.

Karatu kuwa idan aka ajiye shi zubewa yake yi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, inda intanet ya wadata kuma aka rufe makarantu na mako takwas kacal, ya gano cewa yara sun yi asarar abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na karatun shekara, kuma asarar ta fi tsanani a gidajen da iyaye ba su yi karatu mai zurfi ba. Idan haka ta faru a Holan cikin wata biyu, ana iya auna abin da wata shida ko bakwai ya yi wa yaron ƙauye. Waɗanda suka fi cutuwa su ne 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, masu koyon haɗa baƙi. Yaron da ya fara gane harufa a watan Maris ya dawo a Oktoba ya manta rabinsu, ba da jimawa ba aka ciyar da shi aji na gaba, malami kuma ya ci gaba da bin manhaja kamar babu abin da ya faru. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, yawan yara 'yan shekara goma da ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta ya tashi daga kashi 57 zuwa kimanin kashi 70 cikin ɗari.

Akwai kuma batun ciki. Shirin Abinci na Duniya ya ce yara kimanin miliyan 370 sun rasa abincin makaranta a lokacin. A gidan da abin hannu ya yi ƙaranci, shinkafa da waken da ake rabawa lokacin tara na cikin abin da ke sa uba ya bar ɗansa ya tafi aji.

Halin 'yan mata ya fi tayar da hankali. Yarinyar da ta zauna gida wata da watanni takan koma talla ko raino, kuma idan manemi ya fito a lokacin da ba a san ranar buɗe makaranta ba, iyaye da dama ba sa ganin dalilin jira. Saliyo ta ga irin wannan lokacin annobar Ebola, inda makarantu suka yi kusan wata tara a rufe har zuwa Afrilun 2015. Dubban 'yan mata sun ɗauki ciki, gwamnati kuma ta hana su komawa aji, ba a janye dokar ba sai a Maris 2020, bayan kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa nuna wariya ce.

Almajirai sun ɗanɗani wani nau'in rufewar na daban. A Afrilu da Mayun 2020, gwamnonin Arewa sun riƙa kwashe su a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali, aka kuma samu wasu ɗauke da cutar bayan sun isa. Ga waɗannan yara tsangaya ita ce makaranta, ita ce kuma wurin kwana, kuma ba dominsu aka tsara darussan boko na rediyo ba.

Buɗe ƙofa ma bai mayar da kowa aji ba. Wani ya riga ya shiga koyon kanikanci ko ɗinki, wani iyayensa sun kasa biyan kuɗin ƙaramar makarantar unguwa, wadda ita ma malamanta suka watse saboda rashin albashi. Tun kafin annobar UNICEF na ƙiyasta yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Wata biyu da komawa, a Disamban 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka kuma sace wasu a Jangebe a Fabrairun 2021, lamarin da ya sa jihohi da dama suka sake rufe makarantun kwana.

Daga cikin hanyoyin cike giɓin, wadda ta fi dacewa da halin da ake ciki ita ce koyar da yaro daidai da matakinsa, tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, aka kuma gwada a wasu makarantun Kano da Borno. Ana gwada kowane yaro a ga ko harafi yake ganewa, ko kalma, ko jimla, sai a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a ware wani lokaci kullum ana koyar da karatu da lissafi cikin harshen da suke ji a gida.