Cutar fitsarin kusu: ana tsoron gwangwanin lemo, an manta da ruwan garka

Da damina ta kankama, akwai saƙon da ke sake zagayowa a WhatsApp: wai wata mata ta sha lemon gwangwani ba ta wanke bakinsa ba, ashe kusu ya yi fitsari a kai tun a sito, kwana biyu sai gawa. Yau a ce matar ƴar Amurka ce, gobe ƴar Beljiyam, ba suna, ba asibiti. Saƙon ya girmi WhatsApp ɗin kansa, don tun ƙarshen shekarun 1990 yake yawo ta imel. Amma cutar da yake ambata, leftosifirosis, akwai ta, kuma tana kwantar da mutane. Hanyar da take bi ce saƙon ya ɓata.

Ƙwayar cutar tana zama a ƙodar dabba, ta fito cikin fitsari, dabbar kuma sau da yawa garau take yawonta. Idan fitsarin ya zuba a ruwa mai daɗi ko a ƙasa mai laima, ƙwayar na iya yin makonni, har watanni, da rai. Idan ya bushe, ta mutu. Gwangwanin da ya sha zafi a shago ba wurin zamanta ba ne. A ci gaba da wanke bakinsa, tsabta ce. Ƙofar da take shiga jikin mutum ita ce faso a diddige, yankan lauje, ƙaiƙayin da aka sosa har ya fashe, ko ido da baki idan aka wanke fuska a kududdufi.

Wasu kan ce wannan ciwon ƙasashen ruwa ne, ina ruwan Nijar da shi. Haka masana da yawa suka ɗauka har 2015, lokacin da Gauthier Dobigny da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Yamai. Sun kama ɗaruruwan kusa a unguwanni da garake suka gwada. Na cikin gidajen gari ba a samu ƙwayar a jikinsu ba. A garaken ban-ruwa aka same ta, a jikin gafiya da kusun ciyawar nan mai yawo da rana. Ke nan ƙarancin ruwan sama bai hana ta ba, muddin akwai inda ƙasa ke jiƙe rani da damina.

Mutumin Kurni ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ƙasar Matamaye da Kance, inda Kurni take, ƙasar fadama ce, kwarin Korama ya yi suna da rake da kayan garka, mai ban-ruwa kuma yakan wuni ƙafa ba takalmi cikin laka, ganyen rake na tsattsaga masa hannu. A Ostareliya, a shekarun 1930, masu saran rake ne cutar ta addaba har aka koma ƙona ganyen kafin sara. Sai dai a riƙe wannan: a kan kusa aka yi binciken Yamai, ba a kan majinyata ba. Duk wanda ya zo da adadin ƴan Kurni da wai ta kwantar, a tambaye shi wane ɗakin gwaji ya tabbatar, domin gwajin da ke tabbatar da ita ba a yin sa a ƙaramin asibitin karkara (CSI).

Akwai masu haɗa ta da zazzaɓin Lassa, tunda duka biyun sunan kusu ake kira, labarin Lassa kuma ba ya wuyar tsallako iyaka ta Ɗan Barto. Ba ɗaya ba ne. Lassa, wadda aka gano a 1969 a garin Lassa na Borno, ƙwayar bairos ce, kuma tana bin mai jinya da ma'aikacin asibiti. Leftosifirosis kuwa bakteriya ce, magungunan da ake da su a asibiti suna kashe ta, kuma da wuya ƙwarai mutum ya ɗauka daga mutum. Babu dalilin gudun maras lafiya ko ware masa kwano. Haka nan ba kusu kaɗai ke ɗauke da ita ba: shanu, awaki, tumaki da karnuka duka suna yi, a shanu ma tana jawo ɓari da ƙafewar nono. Mahauci da mai karɓar haihuwar saniya da hannu tsirara suna cikin waɗanda ya kamata su kula.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne yadda take ɓuya. Mako ɗaya zuwa biyu bayan shiga ruwan, wani lokaci har wata guda, sai masassara ta taso farat ɗaya da ciwon kai da ciwon jiki. Kowa zai ce sauro ne, ga shi lokacin nasa ne. A Moshi ta ƙasar Tanzaniya an bi majinyata 870 da masassara ta kwantar a asibiti tsakanin 2007 da 2008. Kashi 60 cikin 100 an rubuta musu zazzaɓin cizon sauro, amma da aka zurfafa gwaji, waɗanda shi ne ainihin ciwonsu ba su kai kashi 2 ba. Cikin waɗanda aka samu yi wa cikakken gwajin jini, kusan kashi 9 leftosifirosis ce. Damagaram ba Moshi ba ce, a nan sauro da gaske yake kisa, musamman yara. Abin lura kawai shi ne, idan an tsaga yatsa gwaji ya nuna babu, ko an shanye maganin kwana uku jiki bai sauka ba, to a daina cewa sauro. Alamu biyu sukan tona ta: ciwon sha-raɓa mai tsanani, wanda ko taɓawa mutum ba ya so, da jan ido marar kwantsa.

Ba gaskiya ba ne cewa duk wanda ta kama sai asibiti ko kabari. Kusan tara cikin goma suna warkewa da masassara mai sauƙi, wasu ma ba su san sun yi ba. Ragowar ne ke cika gado. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya ragu ko ya tsaya, wani ya fara tarin jini. Likitan Jamus Adolf Weil ne ya bayyana wannan nau'in a 1886, kuma idan jini ya ɓalle a huhu, fiye da rabin majinyatan ba sa tashi.

A daidai nan wata tsohuwar magana take yi mana ɓarna, wai mai shawara ba a yi masa allura, in an yi ya tafi. Sai a ajiye shi a ɗaki ana jiƙa masa saiwa. A ganina abin da ya haifi maganar a fili yake: ba a kai mai shawara likita sai ya galabaita, a yi allura, ya cika, a ɗora wa allura laifi. Shawara kuwa alama ce, ba cuta ɗaya ba. Tana iya zama ciwon hanta, irin wanda ya ɓarke a Diffa a 2017, tana iya zama sauro mai tsanani ko sikila. Idan ta fitsarin kusu ce, allurar penisilin ko seftiriyazon da ƙarin ruwa su ne maganin, kuma kowace rana da aka ɓata ƙoda ce ke biya. Wanda ƙodarsa ta tsaya sai wankin ƙoda, abin da ba a samu sai a manyan asibitocin birni.

Ƙiyasin da aka fi dogara da shi, na 2015, ya ce cutar na kama mutum kusan miliyan 1 a duniya kowace shekara, tana kashe wajen 58,900, kuma kusan rabin masu kamuwa maza ne ƴan shekara 20 zuwa 49. Wato masu riƙe da gida, a watannin da gona ta fi bukatarsu. Kuɗin mota zuwa Matamaye, daga can wataƙila Damagaram, abincin mai jinya, akuyar da aka sayar, noman da ya wuce, babu rajistar asibitin da ke rubuta su. Ambaliya kuma tana ninka abin. A Manila, bayan guguwar 2009, sama da mutum 2,000 aka kwantar cikin ƴan makonni. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Damagaram ta kuma shafi sama da mutum miliyan 1 a Nijar, ta nuna irin wannan ruwan ba labarin nesa ba ne.

Saura masu cewa a sayi dokisisaikilin wurin mai tallar magani a riƙa sha don rigakafi. Maganin na aiki, amma likita ke ba da shi na ɗan lokaci ga wanda aiki ya tilasta wa shiga ruwan ambaliya, kuma ba a ba mai ciki. Abin da ke hannun kowa shi ne takalmin roba, rufe rauni kafin shiga fadama, tafasa ruwan sha ko sa masa jabel, da hana dabbobi shiga inda ake ɗiba. Wanda masassara ta kai shi likita kuma ya faɗa da bakinsa, ko ba a tambaye shi ba, cewa makon jiya yana cikin ruwan garka.