Shari'ar Karen 'Yan Sanda

A ƙasar Amurka, tsarin mulki ya hana jami'an tsaro binciken gidan mutum ba bisa ƙa'ida ba. Galibi sai sun samu takardar izini daga alƙali. Idan suka keta wannan ƙa'ida, kotu takan ƙi karɓar abin da suka gano a matsayin shaida, ko da kuwa miyagun ƙwayoyi ne. Manufar ita ce a ja wa 'yan sanda kunne. Da zarar shaida ta faɗi kuwa, sau da yawa ƙarar ma takan rushe.

A shekarar 2006, 'yan sanda a jihar Florida sun kai kare mai sansano ƙwaya ƙofar wani gida. Karen ya nuna alama, suka samo izini, suka shiga, suka tarar da shukar wiwi. Amma a 2013 Kotun Ƙoli ta ce kai karen ƙofar gidan shi kansa bincike ne, kuma an yi shi kafin a sami izini. Alƙalai biyar suka yarda da haka, huɗu suka ƙi. Aka yi watsi da shaidar.

A Nijeriya abin ya sha bamban. Dokar Shaida ta 2011 ta bar wa alƙali ya auna, ya karɓi irin wannan shaida ko ya ƙi ta.