Katako a aikin gini: inda ƙarfinsa yake da abin da ke karya shi

A farkon kowace damina akan samu rahotannin iska ta yaye rufin gidaje da ajujuwan makarantu a sassan ƙasar nan. Akasari iskar ake ɗora wa laifi. Amma idan aka duba ɓaraguzan, sau da yawa za a tarar katakon bai karye ba: ƙusoshi ne suka zare, ko kuma rufin ya tashi ɗungurungum saboda ba a ɗaure shi da bango ba. Katako na da ƙarfi sosai idan aka yi la'akari da rashin nauyinsa, sai dai ƙarfin nasa na da sharuɗɗa.

Na farko shi ne jijiya. Itace kamar damin karan dawa yake, siraran jijiyoyi ne jere a tsaye, manne da juna. Idan nauyi ya bi tsawon jijiyar, kamar yadda yake a ginshiƙi, katako kan jure matuƙa. Idan kuwa aka ja shi ta gefe, sai jijiyoyin su rabu cikin sauƙi, abin da duk mai faskare ya sani. Shi ya sa ƙusar da aka buga dab da bakin katako ke tsaga shi, shi ya sa kuma kullin da reshe ya bari yake zama rauni, domin a nan jijiya ke karkacewa. Katakon da aka gitta ya ɗauki kaya, samansa na matsuwa ne, ƙasansa na miƙewa, don haka kafintan da ya san aikinsa ba ya barin babban kulli ya faɗo ta ƙasa a tsakiya.

Yadda aka ɗora shi ma abin lura ne. Katako mai inci 2 da 6, idan aka kafa shi a kan gefensa, yana ɗaukar ninki uku na abin da zai ɗauka a kwance, kuma lanƙwasawarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin tara ba.

Babbar matsalar dai ita ce danshi. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. Daga nan sai ya riƙa raguwa a faɗi da kauri, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwannin Arewa daga dazuzzukan Kudu yake fitowa, irin na Ondo da Edo da Kuros Riba, kuma ba kasafai ake jiran ya bushe ba. Mai gida na sauri, kafinta na sauri, a buga shi ɗanye. Da hunturu ya kama, sai ya bushe a kan ginin, ya murɗe, ya tsage, ramin ƙusa ya saki. Iskar farkon damina takan zo ne ta tarar da rufin da ya riga ya yi sako-sako. Maganin ba shi da tsada: a jera katakon a inuwa, a sa tsinke tsakanin layi da layi domin iska ta ratsa, sannan a ɗaure rufin da bango da ƙarfe.

A ɗaya ɓangaren, katakon da danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 yakan fara ruɓewa. Ga kuma gara. Itatuwa irin su iroko da opepe na da juriya gare ta, obeche kuwa mai laushi ne, sai an yi masa magani.

Magina na ƙasar Hausa sun daɗe da gane waɗannan iyakoki. Azara da ake tsagowa daga giginya gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Sai suka riƙa jera ta hawa-hawa cikin laka, kowace tana leƙo ta ƙasanta, har aka samu bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Batun gobara shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Katako na ci da wuta, babu musu, amma mai kauri yana ƙonewa ne sannu a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, kuma gawayin da ke samansa na kare cikinsa. Ƙarfe ba ya kamawa, sai dai yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600. Wannan lissafi, tare da fasahar manna falankai da gam ana gicciya jijiyarsu domin rage rauni, shi ya ba injiniyoyi damar hawa sama. A 2019 aka kammala Mjøstårnet a Norway, bene mai hawa 18 da tsayin mita 85.4, sannan a 2022 ginin Ascent da ke Milwaukee a Amurka, mai hawa 25, ya ɗara shi da kimanin mita ɗaya.