Hasumiyar takarda: Darasin da ba ya jiran kasafin kuɗi

Duk lokacin da aka tayar da zancen koyar da kimiyya a makarantunmu, amsar da ake ji ɗaya ce: babu kayan aiki. Babu ɗakin gwaje-gwaje, babu wutar lantarki, babu kuɗi. Gaskiya ne, ba na musu. Sai dai yawan nanata wannan gaskiya ya mayar da ita inuwar da muke fakewa a cikinta, har muka manta cewa akwai manyan darussa da ba sa buƙatar komai face abin da muke zubarwa a bola kullum. Ɗaya daga cikinsu nake so mu duba a wannan mako, wato yadda ake gina hasumiya da takarda zalla, ta tsaya da kanta, babu gam, babu salatif, babu zare, sai ninki kawai.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan wasan yara ne. To, ya ɗan yi mini haƙuri ya ɗauko farar takarda irin ta A4 da ake buga takardu da ita. Tsawonta santimita 29.7 ne, faɗinta 21, nauyinta kuwa bai wuce giram 5 ba. Ya gwada tsayar da ita a kan tebur. Ba za ta tsaya ba, nan take za ta langaɓe ta kwanta. Yanzu ya ninka ta biyu ta tsawo, ya ɗan buɗe ta kamar littafi, ya sake ajiye ta. Ga ta nan tsaye. Bai ƙara mata ko ƙwayar zarra ba, takardar ɗazu ce, nauyin ɗazu ne. Abin da ya sauya siffarta ce kaɗai. Wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalilin haka, ya riga ya sa ƙafa a ƙofar ilimin injiniya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rular roba idan ka kwantar da ita, da yatsa biyu za ka lanƙwasa ta. Ka juya ta a kan gefenta, sai ta gagare ka. Taurin abu wajen ƙin lanƙwasuwa ya dogara ne ga zurfinsa ta fuskar da ake danna shi, kuma ba hawa ɗaya-ɗaya yake yi ba. Idan zurfin ya ninka sau biyu, taurin sau takwas yake ninkawa. Kaurin takarda kusan kashi ɗaya bisa goma na milimita ne, shi ya sa ba ta da kataɓus a miƙe. Ninki kuwa yana ba ta zurfin da ba ta da shi.

Wannan sirri yana saman kawunanmu kowane dare. Kwanon rufi ƙarfe ne siriri da yaro zai iya naɗewa in da a shimfiɗe yake, amma tudu da kwarin da aka yi masa su suka sa kafinta yake taka shi. Wani injiniya a Landan mai suna Henry Palmer ne ya yi rajistar wannan dabara a 1829. Haka kwalin da ake zuba taliya ko sabulu a ciki: ka yage gefensa za ka tarar da takarda mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakanin shimfiɗaɗɗu biyu. Albert Jones na birnin New York ya yi rajistar irinta don naɗe kaya a 1871. Ko mai gyaɗa da ke murɗa takarda ta zama mazubi, da wannan ilimi take aiki, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Ga yadda ake ginin. Ka kalmashe bakin takardar na sama da na ƙasa, kamar santimita 2 kowanne, irin kalmasar da tela ke yi wa bakin riga. Sannan ka ninka ta gida huɗu daidai wa daida ta tsawo, kana murje kowane ninki da farce har ya fito sosai. Ka zagayo da ita ta zama bututu mai fuska uku, ka zura gida na huɗu a cikin kalmasar gida na farko. Shi ke nan, ta kulle kanta. Ka samu ginshiƙi mai tsawon kusan santimita 25. Na biyu ka yi shi ɗan siriri kaɗan yadda zai shige cikin na farko da ƙyar, ka tura shi kamar santimita 5. Haka na uku, haka na huɗu, kowanne ya ɗan fi na ƙasansa sirantaka. Da takarda biyar ka haura mita ɗaya.

A nan ne matsala ke kunno kai, domin dogon sanda mai ƙaramin gindi ko numfashi aka yi kusa da shi sai ya kife. Maganin shi ne ka yi wasu ginshiƙai uku, ka jingina ɗaya a kowace fuska ta ginshiƙin ƙasa, huɗun su haɗu su ba da babbar alwatika guda. Ka ɗaure su da ɗamarar takarda biyu da ka ninka ka saƙala bakin ɗaya cikin ɗaya. Takarda goma ke nan cif, giram 50, ga hasumiya da ta kai ƙirjin yaron firamare. A kashe fanka kafin a saki hannu.

Cikin wannan ɗan aiki akwai darussa huɗu da ɗalibanmu ke haddacewa a allo ba tare da sun taɓa ganin su da ido ba. Na farko, me ya sa fuska uku ba huɗu ba? Bututu mai fuska huɗu ka ɗan matsa shi sai ya goce ya baje, ba tare da ko ɗaya daga cikin fuskokinsa ta lanƙwashe ba. Alwatika ba ta da wannan hanyar gocewa, shi ya sa ita ce ke cike da turakun wutar lantarki da na kamfanonin waya. Na biyu, dogon ginshiƙi ba murƙushewa yake yi ba, lanƙwashewa yake yi ta gefe. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar haka tun 1744: ka ninka tsawon ginshiƙi sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Na uku, abu ba ya faɗuwa sai tsakiyar nauyinsa ta leƙa waje da gindinsa, don haka faɗi da nauyi a ƙasa suke, sirantaka a sama. Na huɗu, abin da ke riƙe gaɓoɓin shi ne gugar takarda da takarda, da yunƙurin da ta ciki ke yi na buɗewa, ta waje kuma ta hana ta.

Manyan gine-gine ba su da wata doka ta daban. Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, wadda aka gama a 1889 da tsawon mita 300, ƙafafu huɗu ta baje a ƙasa sannan ta tsuke a sama, jikinta kuwa alwatika ce a kan alwatika. Fazlur Khan, injiniyan da aka haifa a Dhaka, ya tsara benen Sears na birnin Chicago mai tsawon mita 442 a matsayin bututu tara da aka haɗa dami guda, wasu na tsayawa a hanya, biyu kaɗai suka kai ƙololuwa. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya ke nan. Magina na ƙasar nan ma sun san zancen tun kafin zuwan siminti. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai kimanin mita 15, da ta babban masallacin Agadas, mai mita 27, duk da ƙasa aka yi su, kuma duk gindinsu ya fi kansu faɗi. Ƙasa ba ta da ƙarfin ƙarfe, don haka suka nemi ƙarfin a cikin siffa.

To, me ya sa za a hana gam? A ganina wannan hani shi ne zuciyar darasin. Gam yana rufa wa kuskure asiri. Yaron da aka ba salatif, duk inda hasumiya ta karkace sai ya ƙara naɗi, har ta tsaya bai san abin da ya tsayar da ita ba. Wanda aka hana kuwa, dole ya tsaya ya duba: a ina ta karye? Gaɓar ce ba ta shiga da zurfi ba, ko gindin ne bai daidaita ba? Josef Albers, wanda ya koyar a makarantar zane da gini ta Bauhaus a Jamus har zuwa rufe ta a 1933, da takarda yake fara wa sababbin ɗalibai, yana neman su gano abin da za ta iya da ninki kafin su nemi taimakon wani abu. A Japan, inda fasahar ninka takarda da ake kira origami ta yi zurfi har aka buga littafi a kanta tun 1797, akwai masu haɗa ɗaruruwan guntaye su zama abu ɗaya, kowane guntu na da harshe da aljihu, harshen wannan ya shige aljihun wancan. Abin bai tsaya a wasa ba. Wani salon ninki da masani Koryo Miura ya ƙirƙiro, da shi aka naɗe faifan sola na wani tauraron ɗan Adam na Japan a 1995, ya je sararin samaniya ya buɗe.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Waɗanda suka tashi a karkara ko a unguwannin bayan gari sun san motar kara. Muna feƙe ɓawon kara mu soka a cikin totuwa, mu fitar da akori-kura da ƙofofinta da tayoyinta, babu ƙusa, babu gam. Babu wanda ya ce mana kimiyya muke yi, asali ma sau da yawa faɗa muke sha don mun ƙi karatu mun tsaya wasa. Da muka shiga aji sai aka raba mu da hannuwanmu, aka bar mu da kunne da biro. Sakamakon shi ne ɗalibin da zai karanto maka ma'anar tsakiyar nauyi ba gargada, amma ka ba shi takarda goma ya rasa ta inda zai fara.

Abin bai ƙare a aji ba. Wannan ɗalibi gobe shi ne mai duba aikin gini, ko mai gidan da ke ba da kwangila. Na sha jin masu gida na cewa a ƙara hawa ɗaya a kan ginin da aka aza tushensa don hawa biyu, hujjarsu ita ce za su ƙara siminti. Siminti a wurinsu shi ne salatif. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, sama da mutum 40 suka rasu. Ba na cewa ninka takarda zai hana irin wannan, domin son kai da sakacin masu sa ido ba jahilci ba ne. Amma al'ummar da 'ya'yanta suka taɓa ganin ginshiƙi ya lanƙwashe a tafin hannunsu, ta fi saurin tambaya idan ta ga siririn ginshiƙi ɗauke da bene.

Akwai iyakoki da ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibansa. Takarda tana shan laima, hasumiyar da ta tsaya ƙyam a lokacin hunturu za ta iya sunkuyawa a watan Agusta. Sannan abin da ya yi aiki a ƙarami ba lallai ya yi a babba ba. Galileo ya bayyana haka a 1638: ka ninka girman abu sau biyu ta kowace fuska, nauyinsa ya ninka sau takwas, amma faɗin da ke ɗauke da nauyin sau huɗu kawai ya ƙaru. Waɗannan ma darussa ne, ba naƙasu ba. Haka kuma kada wani jami'i ya karanta wannan shafi ya ce an sauke masa nauyi. Takarda ba za ta maye gurbin madubin ganin ƙwayoyin cuta ko sinadaran gwaji ba, haƙƙin samar da su yana nan a wuyan gwamnati. Abin da nake ƙi shi ne mu naɗe hannu shekara da shekaru muna jiran su, alhali yaran da ke aji yau ba za su tsaya jira ba, girma suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lissafin mai sauƙi ne. Aji mai ɗalibai 100, a raba su biyar-biyar, rukuni 20 ke nan. Kowane rukuni takarda goma, jimla 200, ko rabin bandir mai 500 bai kai ba. Ba sai sabuwa ba, tsofaffin takardun jarrabawa da waɗanda masu shagon hoton takardu ke zubarwa sun wadatar. A ba su minti 30, a auna da tef ɗin tela, hasumiyar da ta tsaya minti ɗaya ba a taɓa ta ba ita ce ta shiga gasa. Sai dai kada malami ya tsaya ga tafa wa waɗanda suka yi nasara. Ya je wurin waɗanda tasu ta faɗi, ya sa su nuna wa aji inda ta fara karyewa, su faɗi dalili, sannan ya ba su wata takarda goma su sake. Ranar da ya zo rubuta ƙa'idar a allo, zai tarar sun riga shi saninta, suna kawai suke jira ya raɗa mata.

Iyaye ma ba sai sun jira makaranta ba. Idan an gama karanta wannan jarida, a miƙa wa yara shafukanta, a ɓoye gam, a zauna a ga abin da za su yi.