Koyar da Kimiyya ga Yaran da Turanci Bai Zauna Musu Ba

Yaron da ke koyon kimiyya da Turanci alhali bai gama jin harshen ba, kaya biyu yake ɗauke da su: ilimin da ake son ya gane, da harshen da ake ba shi ilimin. Haka lamarin yake a yawancin makarantun firamare na arewacin Najeriya. Tsarin ilimi na ƙasa, a bugunsa na 2004, ya ce a koyar da harshen yankin a shekara uku na farko, Turanci ya fara karɓar ragama daga aji huɗu. Jim Cummins, masanin ilimin harshe a Kanada, ya nuna cewa yaro kan iya Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin karatu kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Kuma yaran baƙin da suka yi ƙaura zuwa can yake nufi, waɗanda ke jin Turanci dare da rana, ba yaron da da zarar an tashi makaranta sai Hausa har gobe ba.

Shi ya sa kayan aiki ke gaba da bayani. Ƙa'idar ita ce yaro ya gani, ya taɓa, ya faɗi abin da ya gani da harshensa, sannan a ba shi sunan abin da Turanci. Malami zai iya jiƙa zoɓo ba sukari, ya raba ruwan a kofunan roba uku masu nuna abin da ke ciki. A matsa lemun tsami a na farko, jan ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, launin ya juye ya yi duhu. Na uku a bar shi yadda yake don kwatance. Kafin malami ya buɗe baki, yara sun fara gardamar dalili, kuma da yawansu sun taɓa ganin ana sa kanwa a miya don kashe tsami. A nan ne kalmomin Turanci na sinadari mai tsami da kishiyarsa ke samun wurin zama. Da a allo aka fara rubuta su, haddacewa kawai za a yi.

Randa ma darasi ce: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex.

Littafin da ya dace shi ne mai hotuna masu sunaye a jiki da gajerun jimloli. Sai dai sauƙaƙa harshe daban, rage ilimi daban. Wasu littattafan garin neman sauƙi sukan zubar da kimiyyar baki ɗaya. Akwai kuma kalmomi masu yaudara. Yaro ya san "table" tebur ne, sai a ce ya cike shi da sakamakon gwaji, ashe jadawali ake nufi. Irin waɗannan gara a rubuta su a kwali da hoto da ma'anarsu ta Hausa, a manna a bango.

Wajen jarrabawa ma a yi hattara. Yaron da ya kasa rubuta jimla kan tsirowar wake yana iya zana saiwa, kara da ganye a jere daidai, bayan ya yi mako guda yana leƙa waken da ya shuka a gwangwanin madara. Zanen ya nuna ya gane darasin. Abin da ya rage shi ne malami ya ba shi farkon jimlar Turanci, shi kuma ya ƙarasa.