Takardun Haƙƙin Ƙirƙira da Awon Fasaha a Ƙasar Dutse

A zamanin nan hukumomi da masu ilmin tattalin arziki sun ɗauki al'adar auna fasahar ƙasa da yawan takardun haƙƙin ƙirƙira da mutanenta suka samu. Idan aka ɗora ƙasar Dutse bisa wannan sikeli, za ta fito da sauƙin nauyi ƙwarai. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne ko sikelin ya faɗi gaskiya, sa'an nan kuma ta wace hanya takardun za su amfani masu bincike da masu sana'a na tsakiyar Jihar Jigawa.

1. Asalin takardar

Takardar haƙƙin ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin hukuma da wanda ya ƙago wani abu sabo. Shi zai bayyana asirin aikinsa a rubuce dalla-dalla, har yadda wani gwanin sana'ar zai iya bi ya yi irinsa. Ita kuwa hukuma ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izninsa ba, har wa'adi ya cika. Birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa dokar haka tun 1474. A Nijeriya dokar da a ke bi ta 1970 ce, wa'adinta kuwa shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara.

Kowace takarda tana ɗauke da sunan mai ƙirƙira, da na mai mallaka, da mazauninsu, da kwanan wata, da tsofaffin takardun da aka dogara a kansu. Har wa yau akwai lambar fanni, bisa tsarin da ƙasashe suka amince da shi a Strasbourg a 1971, wanda ya raba fasaha duka kashi 8. Noma yana ƙarƙashin A01, abinci A23, tatsar mai C11B, sanyaya kaya F25. Yawancin ƙasashe su kan buga takardar wata 18 bayan shigarwa, kowa kuwa yana iya karanta miliyoyinsu kyauta ta intanet a rumbunan Patentscope da Espacenet.

2. Karatu iri biyu

Karatu na fari na ɗan kasuwa ne. Kamfani ya kan bi takardun abokin gasarsa ya ga fannin da ya dosa, da ƙasashen da ya nemi kariya a ciki, watau inda ya ke niyyar kai haja, da takardun da ya daina biya wa kuɗi, watau aikin da ya watsar. Ta haka a kan hango kaya tun ba su iso kasuwa ba.

Karatu na biyu na mai mulki ne da mai nazari. A kan tara takardun wani lardi, a raba su da yawan jama'a, a duba fannin da suka fi yawa da yadda wasu ke ambatonsu. Jacob Schmookler na Amurka, a littafinsa na 1966, ya nuna cewa yawan takardu a wata sana'a ya kan bi sawun yawan jarin da aka zuba mata. Ke nan ƙirƙira ta kan je inda ciniki ya ke.

3. Inda sikelin ya gaza

Dalilai huɗu ne ke sa lissafin ya tauye ƙasar Dutse.

Na ɗaya, mazauni. An cire Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, saboda haka duk abin da ya gabaci wannan rana da sunan Kano a ka rubuta shi. Tashar binciken dabino da ke Dutse kuma reshe ce ta cibiyar NIFOR, wadda hedkwatarta ke kusa da Benin. Mai ƙirga takardu bisa adireshin mai mallaka zai kai ladan aikin Dutse Jihar Edo.

Na biyu, ƙuruciyar makarantu. Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 a ka kafa ta, alhali bincike ya kan ɗauki shekaru kafin ya haifi abin da za a yi wa rajista.

Na uku, iyakar doka. Dokar 1970 ta fid da irin shuka da irin dabba daga abin da a ke ba takarda. Komai kyan sabon irin dabino ko na riɗi, ba zai shiga wannan littafi ba. Sai a 2021 a ka yi wata doka dabam domin kare irin shuke-shuke. Ƙasar da ƙarfinta noma ne, rabin aikinta a waje ya ke tun daga tushe.

Na huɗu, halin sana'a. Maƙeri ko mai walda da ya gyara injin casa ya kai kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu ba ya zuwa ofishin rajista a Abuja. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsanewa ta jikin babbar, sai ya janye zafi, gauta da tumatir su daɗe ba su lalace ba. Ya sami kyautar Rolex a 2000. Darajar wannan aiki tana ga yawan tukwanen da magina suka gina da asarar da manoma suka tsira daga gare ta, babu kuwa rajistar da ke ƙirga waɗannan.

Akwai kuma gargaɗi ta ɗaya gefen. Magatakardan rajista na Nijeriya ƙa'idar cika takarda kaɗai ya ke dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Sai in an yi ƙara kotu ta warware. Don haka jami'ar da ta tara takardu 10 ba lalle ne ta ƙago abu 10 ba. Mai awo ya kamata ya tambaya, nawa ne a cikinsu wani ya sayi izninsu, nawa kuma a ke ci gaba da biya wa kuɗi.

4. Inda amfanin ya ke

Jigawa na fitar da riɗi da zoɓo da ƙaro, mafi yawa ɗanye. Abin da masu saye ke yi da su a rubuce ya ke cikin takardunsu: yadda a ke sarrafa ƙaro ya riƙe ɗanɗano cikin lemon kwalba, yadda a ke ɓare riɗi a tatsi mai, yadda kamfanin Suntory na Japan ya mai da wani sinadarin riɗi ƙwayar ƙarin lafiya. Wanda ya karanta waɗannan ya san irin ingancin da mai saye ke nema, ya kuma san matakin da riba ke taruwa.

Ga kuma wata ƙa'ida mai muhimmanci. Ikon takarda ba ya ƙetare iyakar ƙasar da ta ba da ita. Dabarar da a ka yi wa rajista a Jamus, mai ita bai nemi kariya a Nijeriya cikin wa'adin da doka ta ba shi ba, halal ce ga mai ƙira a Birnin Kudu, in dai ba Jamus zai kai kayan ba. Wadda ta cika shekara 20 kuwa ta zama ta kowa. Sai dai a lura, Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, Nijeriya kuwa ba ta ciki, don haka mai kai kaya ta Maigatari sai ya duba rajista biyu.

Abin da ya rage aikin malamai ne. Hukumar NOTAP, wadda asalinta ya koma 1979, ta buɗe ofisoshin haƙƙin fasaha a jami'o'i da yawa, amma karatun takarda a aji ya kamata ya fara. Ɗalibin da zai ƙera injin busar da zoɓo, a sa shi ya fara nemo abin da a ka riga a ka yi a fannin, kada ya ɓata shekara yana haƙa rijiya a bakin kogi. Sashen Hausa kuma yana da nasa rabo: daidaita kalmomin wannan fanni, da fassara zaɓaɓɓun takardu, domin mai walda da bai ji Turanci ba ya sami hanyar shiga rumbun.