Ɗaɗɗoya a Cikin Kwalba

'Yan'uwa ɗalibai, ko kun san ɗaɗɗoyar da iyayenmu mata ke sa wa miya don ƙamshi ana iya raya ta ba ƙasa, ba iri?

A ɗakin gwaje-gwaje, masana kan yanko ɗan guntun reshe mai ido ɗaya, kamar girman ƙwayar wake. Su wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan su dasa shi cikin kwalba a kan wani daskararren abinci mai sukari da sinadaran gina tsiro. Haɗin da aka fi amfani da shi, Murashige da Skoog ne suka fito da shi a 1962. Wani sinadarin yana sa idon ya yi rassa da yawa, wani kuma yana fito da saiwa. A raba rassan, a sake dasawa, ɗaya ya zama ɗaruruwa.

Sharaɗin farko tsafta, domin sukarin da ke ciyar da tsiron shi ke ciyar da funfuna. Na biyu sanyi: tsiron yana son kusan digiri 25, alhali zafin Sakkwato a watan Afrilu kan haura 40. Shi ya sa aikin ke buƙatar tsayayyar wutar lantarki.

Da wannan dabara cibiyar IITA da ke Ibadan take yawaita doya, rogo da ayaba marasa cuta saboda manoma.

Mu ma mu gwada mai sauƙin: mu tsoma reshen ɗaɗɗoya a kofin ruwa kusa da tagar aji, mu riƙa sauya ruwan. Cikin mako biyu za mu ga saiwa.